Milimita Uku: Harsashin da Yarjejeniyar Versailles ta Haifa, da Masu Ɗura Shi da Hannu

A cikin akwatunan ƙarfe da maharban Jamus da Faransa da Beljiyam suke kulle makamansu, akwai wata irin bindigar farauta da ke yawan faɗawa hannun magada. Ƙirar Mauser ce mai sakata, ƙotarta ta yi duhu saboda shafar hannu ta shekara tamanin ko casa'in, kuma a gindin bututunta an buga lamba 8×60. Ƙarfenta bai gaji ba, sakatarta tana shiga tana fita kamar jiya aka ƙera ta. Kasuwarta ce ta tsufa. Magajin da ya rubuta wannan lamba a takarda ya nufi shagon kayan farauta na garinsu, galibi zai tarar da harsasai iri-iri jere a kan kanta, amma babu nasa a ciki. In ya yi sa'a, mai shago ya ce masa za a saro daga nesa, ya dawo bayan wasu makonni.

Hanyoyi uku ne a gaban irin wannan magaji. Ya rataye bindigar a bango ta zama ado. Ko ya kai ta wurin maƙerin bindiga a cire bututun a sa sabo mai cin harsashin zamani, wato rabin abin da kakansa ya bari ya tafi bola ke nan. Ko kuwa ya koyi ɗura harsashi da hannunsa. Masu bin hanya ta uku ba su da yawa, amma darasin farko da aikin ke koya musu yana da nauyi: lambar da aka buga a jikin ƙarfe labarin zamaninta take bayarwa, kuma wanda ya ɗauke ta a madadin awo yana caca ne da idonsa da yatsunsa.

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar toka ya riga ya san tushen abin: a zuba albarushi, a danna, a ɗora dalma, a nemi abin da zai ba da wuta. Harsashin zamani ya tattara waɗannan duka a guri guda. Akwai kwanso na tagulla, akwai albarushi a cikinsa, akwai ƙwaya a bakinsa wadda ita ce ke fita, sannan akwai ɗan ƙyastu a gindinsa da ke kamawa idan allurar bindiga ta dake shi. Bayan harbi uku daga cikin huɗun sun tafi, kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Ɗurin hannu shi ne a gyara kwanson a mayar masa da sauran ukun. A ƙa'idar Turai kuwa, lamba ta farko a sunan harsashi tana nuna faɗin ramin bututu a kimance, ta biyu kuma tsawon kwanso, duka a milimita.

Yadda milimita uku suka samo asali

A 1884 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, kuma bayan shekara biyu sojan Faransa suka fito da bindigar Lebel mai amfani da shi. Jamus ta mayar da martani a 1888 da sabuwar bindiga da sabon harsashi mai kwanso milimita 57, wanda duniya ta sani da 8×57. A 1898 aka ɗora wannan harsashi a kan bindigar da Paul Mauser ya ƙera a Oberndorf, a bakin kogin Neckar, kuma har yau yawancin bindigogin farauta masu sakata daga tsarinta suka kwaikwayo. Maharban Jamus sun rungumi harsashin soja saboda yana da araha, yana ko'ina, kuma yana kayar da jar barewa da aladen daji ba tare da gardama ba.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya wuce. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Versailles ranar 28 ga Yuni, 1919, ta ƙayyade cewa sojan ƙasa na Jamus kada su wuce mutum 100,000, ta kuma ƙayyade musu bindigogi: dogaye 84,000 da gajeru 18,000. Ƙasashen da suka ci yaƙi sun san cewa bindigar farauta mai cin harsashin soja tana iya komawa fagen daga cikin dare ɗaya, don haka takunkumin da ya biyo baya ya shafi farar hula ma. Maharbin da bai taɓa harbin komai ba sai dabba ya wayi gari da bindigar da doka ke kallo da idon zargi.

Maƙeran bindiga suka sami mafita mai sauƙi. Aka zura wuƙar huda a gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, aka zurfafa shi kaɗan, kamfanin DWM kuma ya fito da kwanso da ya ɗara na soja da milimita uku. Bututu yana nan, sakata tana nan, ƙwayar ma ita ce dai, amma a takarda bindigar ta daina zama ta soja. Ƙarin gurin ya ba da damar ƙarin albarushi kaɗan, har sabon harsashin ya ɗan zarce uwarsa gudu, sai wasu suka so shi don ƙashin kansa, kamfanin Mauser da maƙeran Suhl kuma suka shiga ƙera sababbin bindigogi a kansa.

Da takunkumin ya kau, dalilin ya kau tare da shi, 8×57 ya koma mazauninsa a dazuzzukan Jamus. A Faransa ne 8×60 ya sami tsawon rai. Dokar makamai ta Afrilun 1939 ta sanya harsasan soja a rukunin kayan yaƙi, don haka Faransawan da suka tsinci bindigogin Mauser da yaƙe-yaƙe suka bari a ƙasarsu sai suka riƙa kai su ana zurfafa gurbinsu don su halatta a farauta. Wannan tsari ya tsaya har 2013, lokacin da aka sauya rabe-raben makamai, maharbin Faransa ya sami ikon amfani da 8×57 da harsasan Amurka irin su .30-06 da .308. Daga nan 8×60 ya rasa mafakarsa ta ƙarshe. Kamfanin Prvi Partizan da ke Užice a Sabiya yana cikin ƙalilan da suka ci gaba da yin sa. Harsashin da doka ta haifa, sauyin doka ne ya mayar da shi maraya.

Kama da wane ba ta wane

Kafin magaji ya sayi ko da giram ɗaya na albarushi, akwai tambayar da ke jiransa, kuma tushenta ya girmi Versailles. Harsashin 1888 yana ɗauke ne da ƙwaya mai zagayayyen baki, nauyinta kusan giram 15, kaurinta milimita 8.09. A 1905 sojan Jamus suka koma ƙwaya mai tsini, nauyinta kusan giram 10, wadda ta fi ta farko gudu nesa ba kusa ba, kuma kaurinta milimita 8.22. Aka ƙara harafin S a sunan sabon, daga kalmar Jamusanci mai nufin ƙwaya mai tsini. Soja sun gyara bindigoginsu gaba ɗaya, amma maƙeran bindigar farauta da yawa sun ci gaba da yin bututu mai ƙunci har shekaru masu yawa bayan haka, domin wasu sun yi imanin ya fi saiti.

Sakamakon haka, lokacin da aka shiga zurfafa gurbi bayan 1919, bututu iri biyu aka zurfafa. Akwai 8×60 mai ƙunci, akwai 8×60 S mai faɗi. Kowannensu kuma yana da ɗan'uwa mai leɓe a gindin kwanso, wanda aka yi don bindigogin da ake karyawa a tsaka, irin mai baki uku da Jamusawa ke ƙauna. Harsasai huɗu ke nan masu suna kusan ɗaya. Bambancin kaurin ƙwayar milimita 0.13 ne, wato kaurin takardar rubutu da ɗan ɗoriya, ido ba ya ganinsa. Amma idan aka tura ƙwaya mai kauri cikin bututu mai ƙunci, musamman in wuyan gurbin bai bar wa kwanso sararin buɗewa ya saki ƙwayar ba, ƙarfin matsi yana hawa fiye da abin da aka gina bindigar don ta ɗauka, kuma fuskar maharbi tana tafin hannu ɗaya ne daga wurin.

Lambar da ke jikin ƙarfe ba koyaushe take warware wannan ba. Wani maƙerin ya buga S, wani bai buga ba. Wata bindigar an zurfafa ta an bar tsohuwar lambar 57 a jikinta. Wasu tsofaffin tambarin gidajen gwaji suna nuna faɗin rami ne tsakanin tudun tsagin da ke cikin bututu, sai a ga 7,8 ko 7,9 maimakon 8. Bindigogin da sojan Amurka suka kwashe zuwa gida bayan 1945 sun ƙara rikita lissafi, domin a can wasu maƙera sun sake zurfafa irinsu don su ci kwanson .30-06 mai ƙwayar milimita takwas, kuma ba kowa ne ya damu da buga sabuwar lamba ba.

Don haka mai ɗurin da ya san aikinsa yakan fara ne da awo, gani ya kori ji. Ana tura dunƙulen dalma mai taushi ta cikin bututu daga wannan baki zuwa wancan, a fito da shi ɗauke da siffar tsagin, a auna shi da ma'aunin da ke rarrabe kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Sannan a toshe bututun, a zuba wani ƙarfe mai narkewa a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba cikin gurbin harsashi, ya daskare, a fito da shi. Wannan zubi shi ne ainihin hoton gurbin: tsawonsa, inda kafaɗarsa take, faɗin wuyansa. A nan ne magaji kan gano cewa abin da mahaifinsa ya kira bindigar shekara arba'in ba sunanta ba ne.

Kwanso na aro

In an san girman, sai neman kwanso. Magaji yakan tsinci tsofaffin akwatunan kwali a ƙasan akwatin bindigar, masu tambarin DWM ko RWS, amma ba su cika amfani ba. Dalili na farko shi ne ƙyastu. A 1866 mutum biyu suka yi rajistar dabaru biyu: Hiram Berdan, Ba'amurke, da Edward Boxer, hafsan Birtaniya da ke aiki a ma'aikatar makamai ta Woolwich. Abin mamaki, Turai ta ɗauki dabarar Ba'amurken, Amurka kuma ta ɗauki ta Baturen Ingila. Kwanson Boxer yana da huda ɗaya a tsakiyar gindinsa, sai a zura tsinke a ture tsohon ƙyastu ya faɗo. Na Berdan yana da ƙananan hudoji a gefe da wani tudu a tsaka, tsinke ba ya samun hanya, kuma ƙyastun da ya dace da shi ya yi ƙaranci a kasuwa. Tsofaffin kwansunan Jamus galibi na Berdan ne.

Dalili na biyu shi ne tagullar kanta. Ta kwanso gauraye ce ta jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma tana da hali: duk lokacin da aka lanƙwasa ta ko aka matse ta, sai ta ƙara tauri, ta kuma riƙe gajiyar a jikinta. Sojan Birtaniya a Indiya sun lura cewa harsasan da aka ajiye a bargar dawaki suna tsagewa da damina, daga baya aka gano cewa iskar amoniya daga fitsarin dawaki ce ke cin tagullar da ke ɗauke da wannan gajiya. Kwanson da ya shekara tamanin a ɗakin ƙasa yana iya tsagewa a wuya tun kafin a harba shi.

Mafita ita ce aro. Harsashin .30-06 da sojan Amurka suka ɗauka a 1906 yana da gindi kusan daidai da na Mauser, tsawon kwansonsa kuma ya ɗan haura milimita 63, kuma ana samunsa a yawancin shagunan farauta. Mai ɗuri yana shafa masa mai, ya tura shi da injin matsi na hannu cikin wani mazubin ƙarfe da aka huda da siffar 8×60, wuyan ya buɗe don ya karɓi ƙwaya mai kauri, kafaɗar ta koma baya kaɗan, sannan a datse abin da ya yi yawa. Kwanson 8×57 ba ya yin wannan aiki domin gajere ne, kuma tagulla ba ta ƙara tsawo don an roƙe ta. Mazubin kansa sai an nema: manyan kamfanoni irin RCBS sukan ajiye irin waɗannan a rukunin oda ta musamman, a Jamus kuma akwai masana'antar Triebel da ta shahara da yin kayan aikin harsasan da aka manta.

Wurin kafaɗar nan shi ne ke riƙe harsashi daidai tsakanin fuskar sakata da ƙarshen gurbi. In aka tura ta baya fiye da kima, kwanso yana samun wurin motsi, ya miƙe a lokacin harbi, bangonsa ya sirance kusa da gindi, wata rana ya rabu biyu, iskar wuta ta nemi hanya ta baya. Tun da kowane maƙeri na shekarun 1920 da irin wuƙarsa, gurbin wannan bindiga ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, shi ya sa ake saita mazubi bisa gurbin bindigar da ke hannu, ba bisa zanen littafi kaɗai ba. Bayan siffantawa akan gasa wuyan kwanson a harshen wuta na ɗan lokaci don tagullar ta huce ta koma taushi. Gindin kuwa ba a yarda zafi ya kai gare shi, domin taurinsa ne ke tsare maharbi.

Aro yana da nasa haɗarin. Kwanson da aka sauya wa siffa har yanzu tambarin .30-06 ne a gindinsa, alhali ƙwayar da ke bakinsa ta fi ta .30-06 kauri. Ƙaryar da tsohon maƙeri ya bari a jikin bututu, ga shi mai ɗuri ya sake buga irinta a jikin tagulla. Idan akwai bindigogin biyu a gida ɗaya, abin da ke raba su da masifa shi ne akwati dabam da rubutu bayyananne a kansa.

Awon albarushi da idon hukuma

Albarushi marar hayaƙi ci yake yi da wuta cikin sauri, kuma saurin cinsa ya danganta da girman ƙwayoyinsa da siffarsu da abin da aka shafe su da shi. Kamfanoni irin Vihtavuori na Finlan da Norma na Suwidin suna yin iri-iri, daga mai saurin ci na ƙananan bindigogin hannu zuwa mai jinkiri na manyan bindigogin farauta. A ido wasu suna kama da juna, amma mai sauri a cikin babban kwanso yana tarwatsa bindiga. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar masu wannan aiki, cewa gwangwani ɗaya kaɗai ke hawa teburi a lokaci guda. Ana auna albarushin da wani tsohon ma'auni na Ingilishi da aka samo daga nauyin ƙwayar hatsi, wanda 7,000 nasa ke cika fam ɗaya, wato kowane ɗaya giram 0.065 ne a kimance, sikelin mai ɗuri kuma yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na wannan.

Dalilin wannan tsantseni yana cikin lamba ɗaya. Tayar mota tana ɗauke da matsin iska bar biyu da 'yan kai. A cikin gurbin 8×60 S, iyakar da aka yarda da ita ta kai kimanin bar 4,000, kuma duk abin yana faruwa ne cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan. Hukumar da ke tsayar da wannan iyaka ita ce C.I.P., wadda aka kafa harsashinta a Liège a 1914, kuma yarjejeniyar 1969 ce ke tafiyar da ita a yau. Ƙasashen da ke cikinta suna da gidajen gwaji, irin na Suhl da Ulm da Liège da Saint-Étienne da Ferlach da Birmingham, inda ake harba kowace sabuwar bindiga da harsashin da matsinsa ya ɗara iyaka da kashi 25 cikin ɗari kafin a buga mata tambari. Bindigar da aka sauya wa gurbi ma dole ta koma gwaji.

Matsalar harsashi maraya ita ce ƙarancin bayanai. Don .308 kowane kamfanin albarushi yana da shafuka na awon da aka gwada da na'urar auna matsi. Don 8×60, wasu littattafan ba su ambace shi ba sam, tsofaffin kuma suna magana ne a kan albarushin da aka daina yi. Ƙari a kan haka, kwanson aro yana iya fin na asali kaurin bango, cikinsa ya ragu, awo ɗaya ya ba da matsi mafi girma. Mai ɗuri yakan fara daga ƙasan abin da aka wallafa, ya hau a hankali, yana auna gudun ƙwaya da na'ura. Alamomin da ake dubawa a jikin kwanso, irin su ƙyastu da ya baje ko sakata da ta yi nauyin ɗagawa, sukan bayyana ne bayan an riga an ƙetare iyaka. A Jamus akwai hanyar da ta fi wannan: mutum na iya aika samfurin ɗurinsa gidan gwaji, ko cibiyar DEVA da ke Altenbeken, a harba shi a bututun awo a ba shi lamba a rubuce.

Hukuma kuma ba ta bar aikin ga son ran kowa ba. Bajamushen da ke son sayen albarushi sai ya sami izini a ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwa masu fashewa: ya halarci kwas, ya ci jarrabawa, a binciki tarihinsa, ya nuna buƙatarsa, kuma izinin na shekara biyar ne a sabunta. Wannan ban da lasisin farauta, wanda jarrabawarsa ta yi tsananin da har Jamusawa ke kwatanta ta da ta kammala sakandare. Abin da ya ɗura na amfanin kansa ne. Wanda ya lissafa kuɗin kwas da injin matsi da mazubi da sikeli, ya kuma tuna cewa maharbi na iya shekara bai ƙarar da akwati biyu ba, zai ga cewa neman sauƙin kuɗi ba ya cikin dalilan shiga wannan hanya.

Haƙƙin dabba

Duk wannan wahala tana ƙarewa ne a jikin wani mai rai. Dokar farauta ta tarayyar Jamus, a sashenta na farko, ta wajabta wa maharbi kiyaye abin da suke kira Waidgerechtigkeit, wato adalci ga dabbar da ake farauta, kuma babban rukuninsa shi ne kada a bar ta cikin azaba. Sashe na 19 ya mayar da wannan lamba: ba a harbin jar barewa ko aladen daji da ƙwayar da ta gaza milimita 6.5, kuma ƙarfinta a nisan mita 100 kada ya gaza jul 2,000. Harsashin 8×60 S mai ƙwayar giram goma sha biyu zuwa sha uku, mai fita da gudun kusan mita 800 a sakan, ya wuce wannan da rata mai yawa. Wannan ratar ce ke sa mai hankali ya ga babu dalilin matsa wa tsohon ƙarfe har iyakarsa. Abin da dabbar ke buƙata daga gare shi shi ne harsashi na farko da na ashirin su faɗi wuri ɗaya, ƙwayar kuma ta buɗe yadda ya kamata idan ta shiga. Ɗurin da ya sauka tafin hannu ɗaya daga inda aka nufa yana nufin dare guda na bin sawun jini da kare, da dabbar da ke kwance a cikin ƙaya tana jiran mutuwa.

Sabuwar jarrabawa kuma ta taso daga wani ɓangaren. Ƙwayar gargajiya dalma ce a cikin rigar tagulla, kuma tana farfashewa a jikin dabba. Masu bincike a cibiyar Leibniz ta nazarin namun daji da ke Berlin sun nuna cewa gubar dalma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe gaggafar teku a Jamus, domin tana cin kayan cikin da maharba ke bari a daji. Jihohin Jamus da dama sun hana ƙwayar dalma a farautar manyan dabbobi, Denmak kuma ta hana ta gaba ɗaya a harsasan farauta daga Afrilun 2024. Madadin shi ne ƙwayar jan ƙarfe zalla ko gaurayensa. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, giram 8.9 ne a inda dalma ke da 11.3, don haka ƙwaya mai nauyi ɗaya sai ta fi tsawo, ta nutse cikin kwanso ta ci gurin albarushi, kuma taurinta yana sauya yadda matsi ke hawa. Awon da kaka ya rubuta a bangon littafinsa bai shafe ta ba. Mai 8×60 S yana da sauƙi, domin ƙwayarsa ɗaya ce da ta 8×57 na zamani, kasuwa cike take da ita. Mai bututu mai ƙunci shi ne ke cikin matsi, domin masu yin ƙwayar milimita 8.09 ƙalilan ne ko da ta dalma ce. Ga wasu daga cikin waɗannan bindigogi, nan ne hanyar za ta tsaya.

Ana iya cewa duk wannan taurin kai ne, tun da sabuwar bindiga mai araha tana yin aikin ba tare da kwas ko sikeli ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma yawancin magada ita suke bi. Sai dai wanda ya zaɓi ɗaya hanyar yana ƙarewa da sanin da mai sayen akwati a shago ba ya samu. Ya san faɗin bututunsa har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, ya san inda kafaɗar gurbinsa take, ya san sau nawa kowane kwanso ya sha wuta da ranar da ya kamata a jefar da shi. Ya kuma san dalilin da ya sa bindigar take yadda take: wani taro a fadar Versailles, wata wuƙar huda a hannun maƙerin Suhl, wata dokar Faransa da ta shekara saba'in da huɗu.

Masu wannan aiki suna da ɗabi'ar rubutu. Kowane akwati yana ɗauke da takarda mai kwanan wata, irin albarushi da lambar zubinsa, nauyin ƙwaya da kaurinta, asalin kwanson, da gargaɗin cewa tambarin gindi ba gaskiya ba ne. Zubin gurbin da dunƙulen dalmar da aka auna akan sa su a ambulan a ajiye kusa da bindigar. Tsofaffin maƙera sun bar wa jikoki ƙarfe mai kyau da lamba mai ruɗi, domin a zamaninsu kowa ya san abin da ake nufi, ba wanda ya ga buƙatar rubutawa. Magaji na gaba, in an yi masa adalci, zai tarar da bindigar tare da ambulan ɗin.